Alhaji Mamman Shata

An haifi Mamman Shata a Musawa, ƙasar Katsina, cikin 1923. Da tallan goro ya soma, ubansa kuwa bai so ya zama mawaƙi ba, amma waƙa ta rinjaya. Ya yi wa sarakuna da manoma da direbobi waƙa da kalangu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin Dakta a 1988. Ya rasu a Kano cikin 1999, aka binne shi a Daura.

Na ji waɗansu samari sun rera Bakandamiyarsa a wani biki nan Azare, kiɗan ba laifi. To, amma shi Shata nan take yakan dubi mutum ya jefa shi cikin waƙa. Su kuwa hadda suka yi, har aka watse ba su ambaci ango ba.