Florence Nightingale (1820-1910): Mai Fitila, Mai Littafin Ƙididdiga

Kamar yadda muka saba a kowace fitowa ta wannan mujalla, mukan ware shafi guda domin tarihin wani bawan Allah da ya bar wa duniya abin amfani. A bana mun ƙetare teku, mun ɗauko tarihin wata Baturiya, Florence Nightingale, domin kuwa duk ɗan garinmu da ya taɓa kwanciya a asibiti, a Kano ne ko Legas ko Abuja, ya ci moriyar aikinta ko da bai taɓa jin sunanta ba. Mu da muka yi Kwalejin Horon Malamai mun san ta ne a matsayin mace mai yawo da fitila cikin dare tana duba sojoji marasa lafiya, haka kuma muka koya wa ɗalibanmu shekara da shekaru. Sai daga baya muka gane ashe fitilar ita ce mafi ƙanƙanta a cikin labarin.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, suka kuwa raɗa mata sunan birnin. Mahaifinta, William Nightingale, attajiri ne mai gidaje biyu a Ingila. Shi da kansa ya koyar da ita da yayarta harsunan Girkanci da Latin da Faransanci da Jamusanci, da tarihi, ita kuma ta nace sai an ƙara mata da lissafi, abin da ba a cika koya wa 'ya'ya mata ba a wancan zamani. A 1837, tana da shekara 16, ta ji a ranta cewa Ubangiji Ya kira ta ga wani aiki, daga bisani ta fahimci aikin jinya ne. Nan fa gida ya rikice. A Ingila ta lokacin, jinyar asibiti aikin matan da ba su da galihu ne, waɗanda ake yi wa kallon jahilai mashaya, don haka mahaifiyarta ta ce ba da ita ba. Aka yi ta ja-in-ja shekaru da dama. A cikin haka ta ƙi auren Richard Monckton Milnes, mutumin da ya daɗe yana nemanta. Sai a 1851 ta samu ta je Kaiserswerth a Jamus ta yi 'yan watanni tana koyon aikin, a 1853 kuma ta zama shugabar wani gidan jinyar mata a titin Harley na birnin Landan, mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara domin ta tsaya da ƙafafunta.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya suna mara wa Daular Usmaniyya baya a kan Rasha. Jaridar Times ta riƙa kawo labarin yadda sojojin Ingila suke mutuwa a wulaƙance, babu mai kula da su. Ministan da ke kula da harkar yaƙi, Sidney Herbert, wanda ya san ta tun da daɗewa, ya roƙe ta ta tafi. Ta tashi ranar 21 ga Oktoba da mata 38, suka isa Sikutari, unguwar da ake kira Uskudar a yau a birnin Santambul, a farkon Nuwamba.

Abin da suka tarar ya wuce misali. Wani tsohon barikin sojan Turkiyya ne aka mayar asibiti, an gina shi a kan magudanun ƙazanta da suka toshe. Majinyata na kwance jere a kan tabarmin ciyawa, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, babu isasshen sabulu, babu riguna, babu kwanukan cin abinci. Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba, ita kuwa ta hana matanta taɓa majinyaci sai likita ya ba da izini, har sai da yawan masu rauni ya tilasta wa likitocin neman taimakonsu. Ta sa aka wanke ɗakuna, ta buɗe wurin wanki da ɗakin dafa abincin marasa lafiya, ta sayi kaya da kuɗin gudummawa da kuma nata. Da dare takan zaga da fitila, abin da ya sa sunanta ya cika Ingila.

To, amma ga abin da littattafanmu na makaranta suka tsallake. Duk da wannan ɗawainiya, mutuwa ba ta ragu ba a hunturun farko, ƙaruwa ma ta yi. Sojoji fiye da 4,000 suka mutu a wurin, kuma waɗanda taifot da kwalara da atini da zazzaɓin ƙwarƙwata suka kashe sun ninka waɗanda raunin yaƙi ya kashe sau da dama. Sai a watan Maris na 1855 gwamnati ta aiko da kwamitin tsafta ƙarƙashin Dakta John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka yashe magudanu, suka buɗe hanyoyin iska, suka gyara ruwan sha, inda har aka tarar da mushen doki a hanyar ruwan. Cikin 'yan watanni mace-macen da suka kai kusan 42 cikin 100 suka sauko zuwa wajen 2 cikin 100.

Ta koma gida a 1856 da ciwon da ta kamu da shi a Kirimiya, wanda ya kwantar da ita shekaru masu yawa. Wani da ya sami irin yabon da ta samu, da sai ya zauna ya ci gajiyarsa. Ita kuwa sai ta gana da Sarauniya Victoria, ta matsa har aka kafa hukumar bincike a kan lafiyar soja a 1857, sa'an nan ta zauna da William Farr, gwanin ƙididdigar haihuwa da mutuwa na Ingila, suka bi alƙaluman wata-wata. Alƙaluman suka nuna cewa rashin tsafta ne ya ci mafi yawan rayukan, har a asibitin da ita kanta ta yi aiki. Ba ta ɓoye ba. Ta rubuta rahoto mai shafi fiye da 800, ta kuma zana wani taswirin da'ira da aka yanka gida goma sha biyu, kowane yanki wata guda, da launi dabam ga waɗanda cuta ta kashe da waɗanda rauni ya kashe, domin ta san manya ba su da haƙurin karanta jadawali. Ta kuma gano cewa ko a lokacin zaman lafiya, sojan da ke bariki a Ingila ya fi farar hula sa'ansa saurin mutuwa kusan ninki biyu. A 1858 ta zama mace ta farko da aka shigar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan.

Duk wanda ya riƙe makaranta ya san bambancin malamin da zai ce yara na zuwa sosai, da wanda zai buɗe rajista ya nuna. Wannan bambanci shi ne ta shigar a aikin jinya. A littafinta na koyar da jinya, wanda ya fito a ƙarshen 1859, ta dage a kan cewa babban abin da za a koya wa nas shi ne lura: me majinyaci ya ci, nawa ya ci, awa nawa ya yi barci, yaya launin fuskarsa ya sauya, kuma ta kai wa likita abin da ta gani, ba abin da take zato ba. A ciki ta yi tir da matan gida masu riƙe tsohuwar takardar likita suna ta ɗirka wa kansu da iyalinsu ƙwayar magani mai zaiba ba bisa ƙa'ida ba. Wannan kam sai mu ce da mu take, idan muka tuna yadda ake raba ragowar magani tsakanin maƙwabta. A wani littafin nata a kan asibitoci ta kafa sharaɗin cewa kafin komai, kada asibiti ya zama shi ne mai cutar da wanda ya zo neman sauƙi.

Da kuɗin da jama'a suka tara mata, kimanin fam 45,000, ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas a 1860 da ɗalibai 15, kowace da takardar da ake cike halayenta da ƙwazonta duk wata. Daga nan tsarin ya bazu a duniya. A wannan makaranta ce Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, wadda daga baya ta zama babbar jami'ar jinya ta Nijeriya.

Abin da ya fi burge mu a tarihinta shi ne labarin ɗakin haihuwa. A 1861 asusunta ya buɗe sashen koyar da unguwarzoma a asibitin King's College. Bayan kamar shekara shida aka ga zazzaɓin bayan haihuwa yana kashe mata a wurin fiye da kima, aka rufe sashen, alhali da sunanta aka kafa shi. Ta bi sawun alƙaluman haihuwa daga wurare da dama, ta fitar da littafi a 1871 mai nuna cewa a wancan zamani haihuwa a gida ta fi haihuwa a cunkusasshen asibiti aminci. Ba mu ce ba ta da kuskure ba. Ta daɗe tana ganin gurɓatacciyar iska ce ke haddasa cuta, sai daga baya ta karɓi bayanin ƙwayoyin cuta, kuma waɗanda suka yi aiki da ita sun san tana da kaifin harshe. Haka nan daga kan gadonta ta yi ta aiki a kan lafiyar soja da tsaftar ƙauyuka a Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.

Abin da masana suka sa wa suna aiki bisa hujja a farkon shekarun 1990, wato a gina jinya a kan sakamakon bincike maimakon al'ada, da dama daga cikinsu ita suke ɗauka a matsayin wadda ta share fagensa. A yau ana koya wa nas ta tabbatar da abu biyar kafin ta miƙa magani: majinyacin, maganin, adadinsa, hanyar da za a ba shi, da lokacinsa. A manyan asibitoci likita kan rubuta magani a kwamfuta domin a huta da rubutun da ba ya karantuwa, ana kuma ɗaura wa majinyaci wata lamba mai layi-layi a hannu, irin ta jikin kayan kanti, na'ura ta haska ta, ta haska maganin, in ba su dace ba ta yi gargaɗi. Duk da haka matsalar ba ta kau ba, domin a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran ba da magani na jawo asarar dala biliyan 42 a shekara. Mu da ke tara gudummawa daga birane domin ɗakin shan maganin garinmu mun fi tambayar fenti da kwanon rufi. Ba mu cika tambaya ko akwai rajistar da ake rubuta wa aka ba wane magani, da ƙarfe nawa ba.

An ba ta lambar girma ta Royal Red Cross a 1883, a 1907 kuma ta zama mace ta farko da ta sami lambar Order of Merit, a lokacin idanunta sun tafi, ƙarfinta ya ƙare. Ta rasu a gidanta na Landan ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Ranar haihuwarta ce ake bikin ma'aikatan jinya na duniya kowace shekara. An yi tayin binne ta a Westminster, inda aka binne sarakuna da manyan ƙasar da dama, danginta suka ƙi, bisa abin da ta bari na wasiyya. Aka kai ta maƙabartar iyalinta a ƙauyen East Wellow, inda aka rubuta haruffan farko na sunanta guda biyu, da shekarar haihuwa da ta rasuwa.