Babban Gwani: maginin Zazzau da hotunan taska suka tsare aikinsa

Babban masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ke daura da fadar Sarkin Zazzau, a da gini biyu ne a wuri ɗaya. Na waje ginin siminti ne na shekarun 1970. A cikinsa kuma a lokacin akwai abin da ya rage na wani gini na ƙasa da azara, wanda aka ɗaga a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Mutumin da ya gina wannan na ciki, masana da suka yi bincike a Zariya sun rubuta sunansa Malam Mika'ilu, a ƙasar Bauchi kuwa an fi kiransa Muhammadu Durugu. Laƙabinsa ne ya shafe sunayen biyu, wato Babban Gwani.

Kalmar gwani ba ƙaramar kalma ba ce a bakin Bahaushe. A tsangaya ba a kiran mutum da ita sai ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ya san adadin wuraren da kowace kalma ta zo. A ce wa magini gwani, har a ƙara masa da babba, shaida ce cewa mutanen zamaninsa sun ɗauki aikinsa a matsayin ilimi. Ruwayar baka ta ce daga shugabannin jihadi a Sakkwato ya samo laƙabin, kuma har yau akwai unguwa a cikin birnin Zariya da ke amsa wannan suna, inda zuriyarsa suka ci gaba da sana'ar gini.

Ya yi rayuwarsa a lokacin da ake bukatar magina ƙwarai. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya kai Zazzau cikin 'yan shekaru, Malam Musa ya karɓi gari, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Sababbin masu mulki malamai ne, kuma hujjarsu ta karɓar mulki ita ce tsayar da addini da shari'a. Irin wannan da'awa tana son wurin da ido zai gan ta. Abdulkarimu, sarki na uku bayan jihadi kuma tushen gidan Katsinawa, shi ya ɗauki nauyin masallacin. Abin da Babban Gwani ya gina masa ya wuce zauren salla kaɗai: akwai ɗakin shari'a, da wuraren alwala, da zaurukan shiga, duk a cikin katanga ɗaya. Alƙali da liman suna aiki a harabar gini guda, kuma wannan tsari shi kansa bayani ne na irin mulkin da ake son nunawa. Ba a kuma manta cewa manyan gine-ginen wancan zamani da ƙarfin bayi da aikin tilas aka ɗebo ƙasarsu aka kwaɓa ta. Sunan gwani ya wanzu, sunayen masu ɗaukar tubali sun tafi da su.

Matsalar da kowane maginin Hausa yake fuskanta ita ce rufi. Ƙasa tana ɗaukar nauyi idan an danna ta, amma ba ta jure ja. Don haka ake sa azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, itacen da gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Wanda yake son ɗaki mai faɗi, ko dai ya cika shi da ginshiƙai har mutane su rasa wurin sahu, ko ya san bakan gizo.

Bakan gizo ana fara shi ne daga jikin bango. Magini zai dasa azara a cikin ginin ta leƙo waje, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wani sashe a kanta wanda ya fi na farko leƙowa, ya ɗan karkata shi. Haka zai yi ta yi daga ɓangarorin biyu, kowace ƙafa tana matsowa, har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gicciye juna, sai a shimfiɗa gajerun azara a tsakaninsu a yi tulluwa. Babu katakon da ake tokarawa daga ƙasa har gini ya kama, kamar yadda ake yi wa bakan dutse a Turai. Ginin da kansa yake riƙe kansa a kowane mataki, maginin kuma yana zaune a kan abin da bai gama ba.

Babban Gwani bai ƙirƙiro wannan dabara ba, ya gaje ta ne. Abin da ya yi shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. A zauren sallar Zariya bakuna suna tashi daga manyan ginshiƙai, wasu su kaɗai, wasu tagwaye, suna rarrabuwa sama kamar rassan itace, kowanne yana kai nauyin tulluwa zuwa ƙasa ta hanyar da ido zai iya bi. Adon da ke jikin ginshiƙan tono shi aka yi a cikin ɗanyar ƙasa: layuka masu zurfi, da'irori, da kusurwoyi. Babu launi mai yawa, babu cunkoso. Hasken da ke shigowa ta ƙananan tagogi shi ke fito da zanen, yana sauya shi daga hantsi zuwa la'asar. Wanda ya saba da adon bangon gidajen Zariya na tsakiyar ƙarni na 20, inda ake zana keke da mota da jirgin sama, zai yi mamakin irin kamun kan da ke cikin wannan aiki.

Gini irin wannan ba na magini kaɗai ba ne. Tubalin da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Makubar da ake shafe bango da ita daga ɓawon ɗorawa take fitowa. Laso, wanda ke hana ruwa ratsa rufi, ana haɗa shi da katsin da ake kwashewa daga karofin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Ashe ke nan rufin masallaci yana dogara da marini da majemi da mai saran giginya. Idan karofi ya mutu a gari, laso ma ya mutu, ko da maginin yana raye.

Sunansa ya kai nesa da Zazzau. A ƙasar Bauchi ana danganta masa gidan Madaki da ke Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a yau, wanda aka gina wajen 1860, kuma mutanen wurin Babban Gwani suke kiran soron. A 1956 gwamnati ta sa wannan gida cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Labarai kuma suka taru a kansa kamar yadda suke taruwa a kan duk wanda ya fi ƙarfin sa'o'insa. An ce da dare yake gini, shi kaɗai, bayan leburori sun tara masa kaya sun watse, sai da safe a ga bango ya tashi. Masu son abin mamaki sun ce aljanu ke taya shi. Mai sana'a zai iya ganin wani dalili mafi sauƙi, domin wanda ya san sirrin da sarakuna ke nema ba ya son a tsaya a kansa ana kallo.

Ƙarshensa ma ruwaya ce ta riƙe shi. An ce ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, da aka gama sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi game da manyan magina a ƙasashe da dama, kuma duk inda aka ba da shi abu ɗaya yake nunawa, wato yadda mai mulki ke ɗaukar gwaninta a matsayin kayansa.

Abin da ya sa ake iya maganar aikinsa dalla-dalla a yau, bayan siminti ya rufe wani sashe an kuma rushe wani, shi ne awo da hoto. Zbigniew Dmochowski, masanin zayyanar gini ɗan ƙasar Folan, ya zo Nijeriya a 1958 ya yi aiki da hukumar kula da kayan tarihi. Shi da matasan Nijeriya da ya horar sun bi gine-ginen gargajiya suna aunawa da igiyar awo, suna zana tsarinsu, suna ɗaukar hoto, kuma masallacin Zariya na cikin waɗanda suka fi ba wa lokaci. Daga baya ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda magina suka sake ɗaga kwafin masallacin da ƙasa, tare da kwafin wani sashe na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, na farkonsu a kan Arewa. J. C. Moughtin ya wallafa nazarin masallacin a 1972, ya kuma fitar da littafi a kan ginin Hausa a 1985. Hamman Tukur Saad ya bi ta wata hanya dabam: ya zauna da magina ya tambaye su yadda su da kansu suke auna kyau da muni a gini, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan haka a Jami'ar Michigan a 1981.

Kano ba ta yi wannan sa'a ba. An rushe tsohon masallacinta na ƙasa aka gina na yanzu a farkon shekarun 1950, kuma abin da ya rage na tsohuwar hasumiyarsa hotuna ne kawai. A duka garuruwan biyu, masu rushewar ba maƙiyan addini ba ne. Jama'a ta ƙaru, ana son wuri mai faɗi, siminti kuma ya zama alamar ci gaba.

Waɗannan hotuna da zane-zane yanzu sun fita daga littattafai sun shiga wayoyin hannu. Ɗaliban zayyanar gini a Jami'ar Ahmadu Bello, da masu zanen kwamfuta, da masu ɗinki, suna ɗaukar siffofi daga cikinsu. Mafi yawan abin da ake ɗauka fatar gini ce. A kafa zanko a saman ginin bulo, a manna dagi a ƙofar ofis, a ce an yi ginin gargajiya, alhali cikinsa tanda ne da rana saboda rufin kwano. Hoto yana jawo irin wannan kuskure, domin abin da ke waje yake nunawa. Zanen awo shi ke nuna kaurin bango, da tsawon ɗaki, da inda azara ta shiga, kuma a nan ne hankalin Babban Gwani yake.

Akwai waɗanda suka karanta darasin har ciki. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun tarar da tsohon masallacin ƙasa da Alhaji Falke Barmu ya gina, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe shi, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Magina na gargajiya sun yi aiki a wurin tare da masu digiri. A 2022 kuma Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fagen zayyanar gini a duniya.

Ga masarauta irin Gumel, da ƙananan hukumominta na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wannan ba zancen ado ba ne. A ƙauyukan yankin ginin ƙasa shi ne gidan talaka, farashin buhun siminti kuma ya fi ƙarfin mafi yawan manoma. Ƙasar wurin rairayi ya yi mata yawa, kamar yadda sunan jihar kansa ya nuna, don haka bango ba ya kamawa sai an nemo yumɓu an cuɗa shi da ciyawa an bar shi ya ruɓa. A daminar 2022 ruwa ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a faɗin Jigawa. Ginshiƙan Zariya kuwa sai da suka yi fiye da shekara 170 a tsaye. Bambancin yana cikin abubuwan da zanen awo ya rubuta: gindin bango mai kauri da ke sirancewa sama, indararo mai tsawo da ke jefa ruwa nesa da tushe, rufi mai gangara, da yaɓen da ake sabuntawa kafin kowace damina.

Littattafan da ke ɗauke da wannan bayani da Turanci aka rubuta su, a Landan aka buga mafi muhimmancinsu, kuma samunsu sai a ɗakunan karatu na jami'a. Maginin da ke kwaɓa ƙasa a Gagarawa, wanda shi ne magajin sana'ar Babban Gwani na gaskiya, bai taɓa riƙe su ba. Azarar ma sai an yi tafiya ake samun mai kyau, domin giginya tana shekaru da yawa kafin gangarta ta yi ƙwarin da za a tsaga, kuma masu sara sun fi masu shuka yawa.