Rudolf Diesel: Mutumin da injinsa ya sha man gyaɗa a Paris

A Kano ana ce masa dizal ko man gas, a Maraɗi da Damagaram gazuwal, a Sudan kuwa jazolin. Ko da wane suna aka kira shi, shi ne man da ke tayar da injin niƙa, da famfon ban ruwa, da tarakta, da manyan motocin da ke kai amfanin gona kasuwa. Kalmar dizal ɗin kanta sunan mutum ce, Rudolf Diesel, Bajamushe haifaffen birnin Paris wanda ya rasu a 1913. Tun yana raye aka tayar da injin da ya ƙirƙira da man gyaɗa zalla a bainar jama'a, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya yi ta jan hankalin injiniyoyi cewa ƙasashen da ba su da rijiyar mai za su iya noma man da injinansu za su sha. Ga manoman gyaɗa na Jazira da ƙauyukan gaɓar Shuɗin Nilu, waɗanda suka san wahalar neman jazolin, labarinsa ya wuce tarihin wani Bature kawai.

Yaron da yaƙi ya kora

An haifi Rudolf Diesel ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa baƙi ne a Faransa, sun zo neman abinci daga yankin Bavaria na Jamus. Mahaifinsa, Theodor, mai ɗinkin littattafai ne da sana'ar kayan fata, kuma gidan ba mai wadata ba ne. Rudolf ya tashi da Faransanci da Jamusanci a bakinsa.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia. Nan take Jamusawan da ke zaune a Paris suka zama abin zargi, aka umarce su da su fice. Iyalin Diesel suka tsallaka zuwa Landan da ɗan abin da suka iya ɗauka. Da zama ya yi tsanani, sai iyayen suka tura yaron mai shekara 12 shi kaɗai zuwa birnin Augsburg, wurin dangin mahaifinsa, domin ya ci gaba da karatu.

A can ƙwazonsa ya bayyana. Ya samu tallafin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta Munich, inda ya zauna gaban Carl von Linde, masanin da ya yi suna wajen ƙera injin ƙanƙara. Zazzaɓin taifot ya jinkirta masa jarrabawar ƙarshe, amma a farkon 1880 ya kammala da sakamako mafi daraja. Daga nan ya koma Paris, garin da aka kore shi yana yaro, ya kama aiki a masana'antar ƙanƙara ta malaminsa. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku.

Asarar da ta dame shi

Tun yana ɗalibi wani abu ya tsaya masa a rai. Injin tururi, wanda shi ne ke juya masana'antu da jiragen ƙasa a wancan zamani, kusan kashi 10 cikin 100 kacal na ƙarfin kwal ɗin da yake ci ne ke zama aiki. Sauran yana tafiya a banza, zafi da hayaƙi. Ga shi kuma ƙato ne mai tsada, sai mai babban jari ke iya mallakarsa, shi ya sa ƙananan masu sana'a irin mahaifinsa suke ta durƙushewa a gaban manyan masana'antu. Diesel ya ƙudurta ƙera inji mai tsimin mai, wanda maƙeri ko kafinta zai iya ajiyewa a shagonsa.

Gwajinsa na farko da tururin sinadarin amoniya ne, kuma injin ya fashe, ya kwantar da shi a asibiti. Bayan ya koma Berlin a 1890, sai ya karkata ga wata dabara. Duk wanda ya taɓa hura tayar keke ya san famfon yana ɗaukar zafi, domin iska tana zafi idan aka matse ta. Diesel ya lissafa cewa idan fistin ya matse iska sosai a cikin silinda, zafinta zai kai yadda da an fesa mai a ciki zai kama da kansa, ba tare da fulogi ba. Wannan shi ne bambancin injin dizal da na fetur har yau, kuma shi ya sa injin dizal ba ya tsananta zaɓen abin da zai sha.

A watan Fabrairu 1893 gwamnatin Jamus ta ba shi takardar mallakar fasahar. Masana'antar injina ta Augsburg, wadda daga baya ta zama MAN, da kamfanin Krupp suka zuba kuɗi. Ranar 10 ga Agusta, 1893 injin gwaji na farko ya kama wuta da wata irin ƙara har ya farfasa na'urar awon da aka ɗaura masa. Bai iya juyawa da kansa ba, amma ya nuna dabarar tana aiki. Sai da aka yi shekara huɗu ana gyara ana sakewa. Ranar 17 ga Fabrairu, 1897 Farfesa Moritz Schröter ya gudanar da gwajin hukuma, aka tarar injin yana mayar da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin man da ya sha zuwa aiki, fiye da ninki biyu na injin tururi. Da kananzir aka yi wannan gwaji.

Kafin shekara ta zagayo, kamfanoni daga ƙasashe da dama sun yi layin sayen lasisi, ciki har da attajirin Amurka Adolphus Busch. Ɗan gudun hijirar jiya ya zama miloniya.

Man gyaɗa a baje kolin Paris

Akan ji ana cewa Diesel ya ƙera injinsa ne tun asali domin man gyaɗa. Tarihi bai nuna haka ba. Dangin fetur ya fi amfani da su a gwaje-gwajensa, har garin kwal ya yi tunanin ƙonawa. Man gyaɗa ya shigo ne ta ƙofar Faransa.

A babban baje kolin duniya na Paris a 1900, inda injin Diesel ya ci babbar lambar yabo, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin inji da aka ƙera domin man ƙasa, amma aka zuba masa man gyaɗa ba tare da an sauya masa komai ba. Ya yi aiki lafiya lau, har yawancin masu kallo ba su lura da wani bambanci ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin. Dalilinta na mulkin mallaka ne: tana da yankuna a Afirka da ke noman gyaɗa mai yawa, musamman Senegal da ke cika jiragen Marseille da Bordeaux, kuma kai kwal ko fetur can yana cin kuɗi. Idan gyaɗar wurin za ta iya tayar da inji, an huta da jigila.

Diesel ya riƙe wannan darasi. Ya ci gaba da bibiyar gwaje-gwajen man tsirrai, kuma a 1912, a jawabin da ya gabatar wa injiniyoyi a Landan, ya ba da labarin injin Paris. Ya nuna cewa ko da yake a lokacin man tsirrai bai taka kara ya karya ba a matsayin makamashi, wata rana zai iya kama ƙafar man ƙasa, kuma ƙasashe masu zafi za su iya samun ƙarfin inji daga gonakinsu. A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko, fatauci ya juya zuwa gyaɗa, har daga baya dalar gyaɗa ta 'yan kasuwa irin su Alhassan Dantata ta zama alamar birnin. Sai dai wannan gyaɗa Turai ta nufa, aka yi man girki da sabulu da ita.

Daren jirgin Dresden

Arziki bai kawo wa Diesel kwanciyar hankali ba. Injinan farko da aka sayar sun yi ta lalacewa, wasu injiniyoyi suka yi ta musanta cewa fasahar tasa ce shi kaɗai. Ciwon kai mai tsanani ya addabe shi har ya kwanta jinya. Ya gina katafaren gida a Munich, ya zuba kuɗi a cinikin filaye da hannayen jarin da suka nutse. A 1903 ya wallafa littafi mai suna Solidarismus, inda ya kawo shawarar ma'aikata su haɗa taro da sisi su mallaki masana'antu da kansu. Kwafi kaɗan aka saya.

Injin kuwa ya bi wata hanya dabam da wadda ya yi masa fata. Maimakon shagon maƙeri, sai ya tafi tashoshin lantarki, da jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa, da manyan jiragen teku irin Selandia na ƙasar Denmark da ya fara tafiya a 1912.

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp zuwa Ingila domin halartar taron kamfani. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa, ya shiga ɗakinsa wajen ƙarfe 10, ya bar saƙon a tashe shi da sassafe. Da gari ya waye ba a same shi ba, gadonsa ma ba a kwanta a kai ba. Bayan kwana goma wasu matuƙan jirgin Holan suka ci karo da gawa a teku, suka cire 'yan kayan da ke aljihunta suka mayar da ita ruwa. Ɗansa Eugen ya shaida kayan mahaifinsa ne. Da aka buɗe littattafan kuɗinsa, aka tarar bashi ya cinye dukiyar. Yawancin marubuta tarihinsa sun tafi a kan shi ya jefa kansa a ruwa, wasu na cewa haɗari ne, wasu kuma na zargin kisa. Yana da shekara 55.

Abin da ya biyo baya

Sai bayan rasuwarsa injin ya ƙanƙance. Manyan motocin dizal sun fito a 1923 da 1924, kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai a 1927, Mercedes ta fitar da ƙaramar motar dizal a 1936. Man ƙasa ya yi arha, aka riƙa ƙera injina daidai da shi, aka bar man tsirrai a baya.

Matsalar man gyaɗa da danginsa ita ce kauri. Ya fi dizal kauri kusan sau goma, don haka ba ya feshuwa da kyau, yana barin baƙin dasashi a bakin nozul da zoben fistin. A 1937 wani masani a jami'ar Brussels, Georges Chavanne, ya yi rajistar hanyar tsinka man ja ta haɗa shi da sinadarin alkohol, a 1938 kuma wata motar bas ta yi jigilar fasinja tsakanin Brussels da Louvain da wannan mai. Shi ne kakan abin da ake kira bayodizal a yau, wanda akan haɗa da man tsirrai da sinadarin metanol da sodar sabulu. A Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yanke, ƙasashe da dama sun koma ga man tsirrai, domin rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Da yaƙi ya ƙare suka watsar. Yanzu ranar 10 ga Agusta ta kowace shekara ita ce ranar bayodizal ta duniya, don tunawa da gwajin Augsburg.

Daga Augsburg zuwa gaɓar Shuɗin Nilu

Shekara uku bayan baje kolin Paris, a 1903, Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, Hausawa da Fulani na cikin waɗanda suka riƙe shi da guminsu. Gyaɗa, wadda Larabawa ke kira ful sudani, ta zama ɗaya daga cikin manyan amfanin gandun, kuma agashen da ake rububi a biranen Sudan da garin ƙuli-ƙulinta ake yin sa.

A irin waɗannan ƙauyuka ne rabin burin Diesel ya cika. Ƙaramin injin da ya yi wa talaka fata shi ne ke niƙa dawa, yake jawo ruwa daga kogi zuwa lambu. Ɗaya rabin, na noma mai a gida, yana nan jiran lokaci. Ballewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 kuma ya lalata matatar Jaili, ya jefa manoman Jazira da Sinnar cikin ƙuncin mai a tsakiyar aikin gona.

Kafin wani ya ɗauki galan ɗin man gyaɗa ya nufi tanki, akwai abin lura. Tsofaffin injinan niƙa da na famfo masu juyawa a hankali sun fi jure ɗanyen mai, muddin an tace shi sosai, an ɗumama shi, an kuma tayar da injin an kashe shi da dizal. Motocin zamani masu kwamfuta a cikin inji ba sa jurewa, kuma gyaransu ya fi kuɗin man da aka yi tsimi. Metanol ɗin da ake haɗa bayodizal da shi guba ne mai makantarwa, ba aikin tsakar gida ba ne. Sannan ga lissafin ciki: kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma wannan mai abinci ne, kuma a mafi yawan lokuta ya fi dizal tsada a kasuwa. Shi ya sa masu bincike suka fi karkata ga man suya da aka gama amfani da shi, da man angurya, da bini da zugu wanda ba a ci. A garin Garalo na ƙasar Mali an kafa tashar lantarki ta ƙauye da aka tsara don ta sha man bini da zugu da manoman yankin ke nomawa.

Abin da ya hana man gona shiga tanki tun 1900 farashi ne, ba gazawar inji ba. Duk lokacin da hanya ta toshe ko yaƙi ya yanke jigila, lissafin yakan juya, manomin da ke zaune a kan buhunan gyaɗa ba shi da ɗigon jazolin ya tarar da kansa a gaban tambayar da Rudolf Diesel ya bar wa injiniyoyi a 1912.