Labarin John Winthrop, Gwamnan Massachusetts, da Iyalinsa

An haifi John Winthrop a lardin Suffolk, a ƙasar Ingila, cikin shekara ta 1588. Ubansa Adamu mai gonaki ne a wani ƙauye wai shi Groton. Yaron ya yi karatu a jami'ar Kembrij, daga baya ya koyi aikin shari'a. Yana ɗan shekara 17 aka yi masa aure da Mary Forth, a 1605. Ta haifa masa 'ya'ya shida, ta rasu a 1615. Ya auri ta biyu, ita ma ta rasu bayan shekara guda, kan haihuwa. A 1618 ya auri Margaret Tyndal, wadda suka zauna tare kusan shekara 30 cikin ƙauna da amana.

Winthrop yana cikin jama'ar da a ke kira Furitan, wato masu bi waɗanda suka nemi a tsabtace ikilisiyar Ingila daga al'adun da ba su gani cikin Littafi Mai Tsarki ba. A zamanin Sarki Charles na 1 aka matsa musu ƙwarai. Cikin 1629 sarkin ya kori majalisar ƙasa, Winthrop kuma ya rasa aikinsa a wani ɗakin shari'a na Landan. A wannan shekara kamfanin da sarki ya ba izinin zama a Massachusetts, a Amurka, ya zaɓe shi gwamna.

Cikin Afrilu 1630 ya tashi daga Ingila a jirgin ruwa mai suna Arbella. Jirage 11 ne suka ɗebi mutum wajen 700, suka ƙetare teku, jirginsa ya isa Salem a watan Yuni. Wa'azin da ya rubuta domin wannan tafiya ya shahara har yau. A ciki ya ɗauko misalin birni a bisa tudu daga Linjilar Matta, sura 5, ya gargaɗe su su ɗauki nawayar juna, gama idon duniya yana kansu.

Gwaji bai daɗe ba ya zo. Ɗansa Henry ya nutse a wani kogi kwana kaɗan bayan isowarsa. Wani ɗansa, Forth, ya mutu a Ingila cikin shekarar. Kafin sanyin fari ya wuce, mutum wajen 200 sun mutu da ciwo da yunwa. Waɗansu suka karai, suka koma gida. Winthrop kuwa ya tsaya, ya yi aiki da hannunsa tare da sauran, suka kafa garin Boston. A Nuwamba 1631 Margaret ta iso, amma jaririyarsu Anne ta rasu a teku, ubanta bai taɓa ganinta ba. A cikin jirgin nan ne John Eliot ya zo, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen mutanen wurin, aka buga shi a 1663.

Sau 12 aka zaɓi Winthrop gwamna. An ba shi gona mai eka 600 a bakin kogin Mystic. Mutum ne mai kamewa, ba ya son ado, hannunsa kuma a buɗe ya ke ga mabukata. Aikin mulki ya ɗauke masa hankali har ya bar dukiyarsa a hannun wani wakili, wakilin ya ci amanarsa. Wajen 1640 bashi ya rufe shi, ya sayar da filaye da yawa, jama'a suka tara masa gudummawa.

Amma ba daidai ba ne a faɗi rabin labari. Mutumin da ya gudu daga tsanani, shi ma ya tsananta wa waɗansu. A 1637 ya shugabanci shari'ar Anne Hutchinson, matar da ta ke tara mutane a gidanta tana bayyana musu wa'azi, tana kuma sukan koyarwar waɗansu fastoci. Aka kore ta daga ƙasar, ta fita da iyalinta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sha'anin masu ƙasa. Wurin nan ba kango ba ne, akwai kabilu da suka gaje shi kaka da kakanni, waɗanda Turawa suka kira Indiyawa. Sa'ad da agana ta kashe su da yawa a 1633 da 1634, Winthrop ya ɗauka cewa Allah ne ya share wa baƙi fili. A 1637 mayaƙan Turawa da abokansu suka ƙone wani garin kabilar Pequot, suka hallaka ɗaruruwan mutane, har da mata da yara. Waɗanda aka kama daga baya an mai da su bayi, Winthrop da kansa ya riƙe waɗansu. Aka kai waɗansu tsibiran teku, a 1638 kuwa jirgi ya komo da bayi 'yan Afirka. A 1641 dokar Massachusetts ta halatta bauta.

Margaret ta rasu a 1647. Ya sake aure da wata gwauruwa, Martha Coytmore, ta haifa masa ɗa. Shi kuma ya rasu a Boston ran 26 ga Maris 1649, yana da shekara 61. Babban ɗansa John ya zama gwamnan Connecticut, ya samo wa ƙasar takardar izini daga sarki a 1662. Jikansa Fitz-John ma ya riƙe wannan kujera. Wani ɗansa, Samuel, ya zama mai gonar rake da bayi a tsibirin Antigua.

'Yan'uwa, ga mutum mai addu'a, mai haƙuri cikin rashi, wanda bai gudu ya bar jama'arsa cikin yunwa ba. Duk da haka ya ja iyaka ga ƙaunarsa, ta tsaya kan mutanensa kaɗai. Ya san labarin Basamariyen nan mai kirki sarai, amma bai ga maƙwabcinsa a fuskar Indiyawa da bayi ba. Kowannenmu da ya samu gona, ko sarauta, ko wani matsayi cikin jama'a, sai ya auna kansa da wannan labari, ya duba ko akwai wanda ya bari a bayan shinge.