Beethoven, Makaɗin da Kunnuwansa Suka Ƙi Yin Shiru

An yi wa Ludwig van Beethoven baftisma a Bonn ta ƙasar Jamus ran 17 ga Disamba, 1770. Tun yana yaro yake buga ogan a ɗakin sujada.

Bai kai shekara 30 ba kunnuwansa suka soma ƙugi dare da rana. A 1801 ya bayyana wa abokinsa likita, Franz Wegeler, cewa magana a hankali tana kuɓuce masa, ihu kuwa azaba ne. Har auduga yakan cusa a kunne. Ɗan kwaya a Jos da ya taɓa wuni kusa da lasifika ya ɗanɗani kaɗan daga wannan, sai dai nasa yakan lafa kafin safiya.

A 1802, a Heiligenstadt, ya rubuta wa ƙannensa wasiƙar da bai aika ba, yana mai furta cewa ya kusa kashe kansa, aikin kiɗa ne ya riƙe shi. Daga 1818 sai a rubuce ake yi masa magana. Cikin wannan kurumta ya kammala Missa Solemnis, babbar waƙar sujada, a 1823. Ya rasu a Vienna ran 26 ga Maris, 1827.