TARIHIN JANAR LEW WALLACE, MAI LITTAFIN BEN-HUR

A hutun damina na bara da na je gida Bagudo, sai na tarar Baffana, wanda ke fataucin albasa zuwa kasuwar Malanbil ta hanyar Lolo, ya komo da wani tsohon faifan silima da ya saya can Jamhuriyar Benin. Da dare aka ta da janareta, muka taru a zaure. Ashe an juya maganar cikin fim ɗin zuwa Faransanci. Baffa ya ce kada mu damu, shi zai yi mana tafinta. To, Faransancin Baffa na ciniki ne, bai wuce gaisuwa da ƙidayar sefa ba, saboda haka kafin a yi nisa sai ya yi shiru, kowa ya koma yana fassara da idonsa.

Sunan fim ɗin Ben-Hur, an yi shi a 1959. Labarin wani ɗan manyan Yahudawa ne a birnin Ƙudus, zamanin Annabi Isa, alaihissalam, lokacin da Rumawa ke mulkin ƙasar. Wani ɓallin tubali ya suɓuce daga kan soronsu daidai sa'ad da gwamna ke wucewa. Abokinsa na ƙuruciya, Messala, wanda ya zama hafsan Rumawa, ya san tsautsayi ne, amma ya bari aka kama shi. Aka kai shi bauta cikin jirgin ruwan yaƙi, aka jefa uwarsa da ƙanwarsa kurkuku har suka kuturce. Mu da muka tashi kusa da Kwara mun san ciwon kafaɗar mai tuƙin jirgi, balle wanda ke tuƙi da sarƙa a ƙafa. Daga baya ya sami 'yanci, wani Balarabe ya ba shi dawaki huɗu, ya kayar da Messala a tseren keken doki. Wannan wurin sai da Baffa ya sa aka maimaita sau uku. A ƙarshe mutumin ya ajiye fansa bayan ya ga abin da Kiristoci suka yi imani da shi, wato gicciye Almasihu. Mu Musulmi ba haka muka karanta ba, amma ba sai mutum ya yarda da wannan ba kafin ya ga yadda ƙullaci ya kusa cinye shi.

Da muka komo makaranta na ba malaminmu na tarihi labari, shi ne ya gaya mini daga littafi aka ɗauko fim ɗin, kuma soja ne ya rubuta. Abin da na samu game da sojan nan shi nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai.

An haifi Lewis Wallace ran 10 ga Afrilu, 1827, a garin Brookville cikin jihar Indiyana ta Amurka. Don mu gane daɗewar abin, a lokacin Muhammadu Bello ke sarautar Musulmi a Sakkwato, Malam Abdullahi kuma yana da rai a Gwandu. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara bakwai. Ubansa ya yi gwamnan jiharsu, amma shi yaron ba ya son zaman aji, sai yawon daji da zane-zane da karance-karancen da ya ga dama. Da ya kai shekara goma sha shida uban ya gaji, ya daina biya masa kuɗin makaranta. Ya shiga aikin akawu, ya tafi yaƙin Meksiko a 1846 bai ko ga fagen fama ba, ya komo ya zama lauya a 1849, ya auri Susan Elston a 1852.

Yaƙin basasar Amurka, wanda ya ɓarke a 1861 tsakanin Arewa da Kudu a kan maganar bauta, shi ya ɗaga shi, shi kuma ya kayar da shi. Ya shiga sojan Arewa, ya yi abin kirki a yaƙin Fort Donelson, aka ba shi Manjo-Janar yana da shekara 34. Kafin wata guda ya cika sai ga ranar 6 ga Afrilu, 1862. Da asuba sojojin Kudu suka afka wa rundunar Janar Grant a wani wuri da ake kira Shiloh. Wallace yana can 'yan mil kaɗan da mutanensa, Grant ya aika masa ya zo maza. Saƙon da baki aka ba da shi, wani hafsa ya rubuta a guntuwar takarda ba sa hannu, takardar kuma ta ɓace a ranar. Hanya biyu ce, ɗaya ta bakin kogi, ɗaya ta tudu. Wallace ya bi ta tudu, wadda da ma ita ya gyara don irin wannan rana. Bai sani ba an riga an koro mutanensu har bakin kogi. Sai da ya yi nisa manzanni suka cim masa, suka ce in ya ci gaba bayan abokan gaba zai ɓulla shi kaɗai. Ya juya. A nan ni a ganina yana da ɗan laifi, domin maimakon ya ce kowa ya juya inda yake tsaye, sai ya sa na gaba suka zagayo don su sake zama a gaba, lokaci ya ƙara tafiya. Bai isa ba sai da duhu ya yi.

Kashegari ya yi yaƙi sosai, Arewa ta ci nasara. Amma da aka ƙidaya waɗanda aka kashe da masu rauni da waɗanda suka ɓace, sun fi 23,000 a ɓangarorin biyu. Jama'a suka fusata, manya suka shiga neman wanda za a ɗora wa. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani. Aka ce Wallace ya ɓata hanya, aka janye shi daga fagen daga. Ko da yake ran 9 ga Yuli, 1864, ya tare rundunar Janar Early a Monocacy da mutanen da ba su kai rabin nata ba, aka ci shi amma ya jinkirta su kwana guda har gudummawa ta isa Washintan, wannan bai wanke shi a idon mutane ba. Yana cikin alƙalan soja da suka yi shari'ar masu hannu a kisan Shugaba Lincoln a 1865, duk da haka in an ambaci sunansa Shiloh ake tunawa.

Yadda littafin ya samo asali kuwa abin mamaki ne. A 1876 yana cikin jirgin ƙasa za shi Indiyanafolis, sai ya haɗu da Kanar Robert Ingersoll, wanda shi ma ya yi yaƙin Shiloh, ya kuma shahara wajen musun addini. Suka yi ta hira a kan Allah da lahira. Ingersoll ya yi ta zuba, Wallace ya rasa abin da zai mayar, ga shi an haife shi cikin Kiristoci amma bai san addinin ba. Kunya ta kama shi. Da ma ya fara wani ɗan rubutu a kan haihuwar Almasihu, sai ya ƙudura zai zauna ya yi bincike sosai, ya mai da shi babban littafi. Bai taɓa taka ƙasar Falasɗinu ba. Da littattafai da taswira ya san tsaunukanta da hanyoyinta. A cewarsa, kafin ya gama rubutun shi kansa ya gaskata abin da yake rubutawa, amma har ya mutu bai yi rajista da wata majami'a ba.

Ya ƙarasa littafin yana gwamnan yankin New Mexico, inda ya zauna daga 1878 zuwa 1881. A nan akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Wani saurayi ɗan ta'adda da ake kira Billy the Kid ya gana da shi a 1879, suka shirya cewa in ya ba da shaida a kan wani kisan kai za a yafe masa. Yaron ya ba da shaidar, ahuwa ba ta zo ba. Ya gudu, aka sake kama shi, ya yi ta rubuto wa gwamna takardu daga kurkuku, ba amsa. Gaskiya ne yaron ya ƙara kisa a tsakani, amma wanda ya san zafin a yar da shi ya kamata a ce ya ko amsa takarda.

An buga Ben-Hur ran 12 ga Nuwamba, 1880. Da farko bai yi kasuwa ba, daga baya ya zama ba littafin hikayar Amurka da ya kai shi sayuwa a ƙarnin nan. Shugaba Garfield ya karanta, ya naɗa shi jakada a Istambul a 1881, shekarar da Umaru ɗan Aliyu Babba ya hau gadon Sakkwato. Shi da Sarki Abdulhamid na Biyu suka shaƙu ƙwarai. Mutumin da ya rubuta littafin Kiristoci sai ga shi aminin Halifan Turkawa, har da wa'adinsa ya cika a 1885 Sarkin ya so ya riƙe shi ya yi masa aiki. A wannan zaman ne ya ziyarci Ƙudus, ya ce bai ga abin da zai gyara cikin littafinsa ba.

Wani abu da na lura a zauren Baffa shi ne ba a taɓa nuna fuskar Annabi Isa a fim ɗin ba, sai bayansa ko hannunsa yana miƙa ruwa. Ashe abin yana da asali. Wallace ya daɗe yana ƙin a mai da littafin wasan kwaikwayo, bai yarda ba sai a 1899, da sharaɗin ba mutumin da zai fito a matsayin Almasihu, sai dai a haska fitila. Wanda ya ga fim ɗin Ar-Risala na Mustafa Akkad, na 1976, ya san irin wannan ladabi.

Ga kuɗi, ga suna, amma Shiloh ba ta bar shi ba. Bayan shekara ashirin da biyu yana nan yana rubuta wa Grant takarda ya wanke shi. Sai matar wani janar da aka kashe a yaƙin ta tsinci wasiƙar da Wallace ya aika wa mijinta ana gobe yaƙi, wadda ta nuna tun farko hanyar tudu aka shirya bi. Grant yana kan ciwon ajali a 1885, ya sa ɗan bayani a ƙasan shafin littafinsa yana sassauta zargin, amma ainihin labarin bai sāke shi ba. Ben-Hur na cikin littafi ya ajiye takobi ya huta, wanda ya ƙago shi kuwa ya cika shafuka masu yawa na tarihin rayuwarsa da bayanin hanyar tudu da ta bakin kogi. Ya rasu a Crawfordsville ran 15 ga Fabrairu, 1905, yana da shekara 77, bai gama littafin ba, matarsa ce ta ƙarasa. Bai ga ko ɗaya daga cikin finafinan ba, da na 1907, da na 1925, da namu na 1959 wanda ya ci kyautar Oska goma sha ɗaya.

Da na koma gida hutun Sallah na kwashe duk wannan na gaya wa Baffa. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya tambaye ni ko littafin ya faɗi nawa Balaraben nan ya sayi dawakinsa.