Labarin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Filin da Ya Bari a Cikin Ganuwa

Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu ne, ɗan Abdullahi Burja, shi ne sarki na 20 in an ƙidayo daga Bagauda. Ya hau gadon sarautar Kano cikin shekara ta 1463, watau 867 ta Hijira, ya rasu cikin 1499, watau 904. Littafin Tarihin Kano ya yabe shi da adalci da ilmi, ya kuma lissafa abubuwa 12 waɗanda shi ya fara su, kamar su kakaki da figini da majalisar nan da ake kira Tara ta Kano. Waɗannan al'amuran fada ne, masu tarihi sun sha faɗinsu. Abin da ya fi shafar mai allo da mai awo a yau kuwa shi ne yadda ya shimfiɗa garin, watau inda ya ja ganuwa, da inda ya kafa kasuwa, da filin da ya bari ba gini.

Ya tashi ya tarar Kano tana cika da baƙi. A zamanin kakansa aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin ubansa kuma gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa, Barebari da Larabawa suka yi ta zuwa, Filani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi. To, garin da ke tara mutane haka dole ya nemi ruwa da abinci da itacen wuta da ƙasar gini. Ga shi kuwa damina a Kano ba ta wuce wata huɗu ko biyar, ƙarfinta cikin Agusta, sauran shekara duk rani ne. Ruwan da ke gangarowa daga Dala da Gwauron Dutse yana taruwa ne a wata fadama da ake kira Jakara, wadda a zamanin da itatuwa suka rufe ta, har mutanen Dala suka sa mata suna Kurmin Baƙin Ruwa, suna jin tsoronta. Ganuwa kuwa tun zamanin Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka fara ta, ɗansa Yusa ya ƙarasa.

An ce tun Rumfa yana Makama ya zauna a gidan nan da har yanzu ake kira Gidan Makama. Da ya zama sarki sai ya gina sabon gida a fili kudu maso gabas da Dala, shi ne Gidan Rumfa, inda sarakunan Kano suka ci gaba da zama. Sa'an nan ya faɗaɗa ganuwa ta wajen Ƙofar Mata, ya kuma ja ta daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kansakali. Ya ja ta nesa da gidajen mutane, har ta haɗiye gonaki da makiyaya da fadama. Hikimar wannan a fili take, gama Rumfa shi ne ya fara yaƙi da Katsina, aka shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya ci wani. In mayaƙa suka tsare ƙofofi, mutanen ƙauye sai su shigo da dabbobinsu su sami wurin kiwo, a yi shuka a girbe cikin gari, a sha ruwan rijiya.

Aiki na uku shi ne Kasuwar Kurmi, wadda ya kafa a bakin Jakara. Sunanta kaɗai ya isa shaidar abin da ke wurin tun farko. Rumfuna sun shiga inda itatuwa suke, kurmin ya tafi, sunan ya rage. Amma ruwan bai tafi ba, aka bar masa wurin kwanciyarsa da hanyar da yake bi ya fita gari ta arewa maso gabas.

Wajen shekara ta 1492 Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya iso Kano daga ƙasar Tuwat. Sarki ya karɓe shi hannu biyu, shi kuwa ya rubuta masa littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba bisa sarakuna, ciki har da tsai da adalci da karɓar dukiya ta hanyar halal da kashe ta inda ya dace. Tarihin Kano ya ce Sharifin da ya zo ya umurci Rumfa ya gina masallacin Jumma'a, ya sare itaciyar da ake bauta wa, ya gina hasumiya a wurinta, sarki kuwa ya aikata. Itaciya guda aka ambata, dalilin saranta kuma shi ne bautar da ake yi mata. Malamai sun san fiƙihun Malikiyya da Almagili ke kansa ya yi hukunci a kan ƙasar da ba a taɓawa. Gari yana da huruminsa, watau wurin kiwo da wurin yin itace wanda mutum zai je da safe ya komo da yamma. Rijiya tana da nata, gwargwadon abin da ba zai cuci ruwanta ba, ba kuma zai ƙuntata wa masu ɗiba ba. Itaciya ma tana da nata, gwargwadon maslaharta. Kalmar hurumi da Hausawa ke faɗi daga nan ta samo asali.

To, ga yadda garin da Rumfa ya shimfiɗa ya riƙa ciyar da kansa. Ganuwa da fada da gidajen talakawa duk da ƙasa aka gina su, ƙasar kuwa nan kusa aka haƙo ta. Kowane rami da aka bari ya zama kududdufi. In an yi ruwa mai ƙarfi, kududdufai su ke fara karɓarsa kafin ya kai ga gindin katanga. Daga nan ya riƙa tsatsa cikin ƙasa sannu sannu, ya je ya ƙara wa rijiyoyin unguwa ƙarfi, har su kai bazara ba su ƙafe ba. Magina su sami ruwan kwaɓa, dabbobi su sha, masu lambu su yi ban ruwa. A irin waɗannan ruwaye tarwaɗa da kwaɗi ke rayuwa, suna cin ƙwari da 'ya'yan sauro, tsuntsaye kuma suna cin su. Shamuwa ta zo gab da damina ta yi sheƙa, ta riƙa kamun fara. Ungulu ta tsare mahauta da juji, ta cinye mushe tun bai ruɓe ya jawo cuta ba. Kowane ɗaya yana neman abincinsa ne kawai, amma cikin nemansa yana yi wa gari aikin da ba a biya.

Haka kuma tsakanin birni da karkara. Da rani jakai su kan fita ƙofofi da mangala cike da taki, watau kashin awaki da na dawaki da tokar murhu da sharar gida, a zuba a gonaki. Su komo da dawa da gero da kara da itace. Abin da gari ya ci ya koma gona, gona ta sake haifar da shi. Da wannan ne ƙasar da ke kewaye da Kano ta jure noma kowace shekara ba hutu. Manomi kuma ba ya share gonarsa ƙaf, ya kan bar ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo. Shi gawo halinsa dabam ne, da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su yi kashi a gindinsa. Bincike ya nuna akwai waɗansu ƙananan halittu a saiwarsa masu ɗauko wani abu daga iska da ake kira naitirojin, su mai da shi abincin ƙasa. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya kan fi na sarari kyau.

Ko sana'o'in gari haka suke. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta farkonta da ƙarshen zamanin Rumfa, da baba da toka take aiki. In rini ya mutu a kwashe laka daga gindin karofi, a shanya, a ƙone, ya zama katsi. Katsi kuma a haɗa shi da gashin dabba da ruwan dafara ya zama laso, a shafe sabon karofi ko rufin soro. Ɓawon ɗorawa ya zama makuba a yaɓe katanga don kada ruwa ya ci ta. Giginya ta ba da azara wadda gara ba ta cika ci ba. Da wuya a sami abin da aka zubar ba a sake morarsa ba.

Baƙi sun shaida wannan tsari bayan Rumfa da shekara fiye da 300. Clapperton, Baturen Birtaniya, ya zo cikin 1824, ya ga gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna, kasuwa kuwa tana kan wani tudu tsakanin ruwaye. Barth, Bajamushe, ya zo cikin 1851, shi ma ya tarar da fili mai yawa da kududdufai. Dukansu biyu sun yi kukan cewa ruwan da ke kwance yana kawo rashin lafiya, kuma gaskiya suka faɗa. Cikin 1897 likita Ronald Ross ya tabbatar sauro ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sauro kuwa a ruwan da ba ya gudu yake haihuwa. Kududdufin da aka mayar juji ko aka sakar masa ruwan masai ya kan kashe kifinsa, ya bar sauro ba mai cinsa, ya kuma ɓata rijiyar da yake shayarwa. Amfaninsa yana tare da tsaftarsa.

Wannan sha'ani na yadda halittu ke dogara da juna da kuma ƙasa da ruwa ya zama fanni na ilmi mai zaman kansa. Ernst Haeckel na Jamus ya raɗa masa suna cikin 1866. Cikin 1935 Arthur Tansley na Ingila ya bayyana cewa a riƙa duban tsirrai da dabbobi da ƙasa da ruwa da iska na wuri guda a matsayin tsari ɗaya, in aka taɓa sashe ɗaya saura su ji. Cikin shekarun 1960 kuma Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya bi gonakin kewayen Kano, ya nuna wa duniya yadda taki da itatuwan gona suka riƙe jama'a mai yawa a ƙasa kaɗan. Rumfa bai san waɗannan sunaye ba, buƙatar tsaro da ciniki ce ta ja hannunsa. Amma filin da ya kewaye shi ne ya ba wannan tsari wurin zama.

Da ya rasu ɗansa Abdullahi ya gaje shi, ya yi sarauta har 1509. Muhammadu Nazaki ya ƙara ganuwa tsakanin 1618 da 1623. Turawa suka ci Kano cikin 1903, daga nan ganuwa ta daina aikin tsaro. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, jama'a ta yi ta ƙaruwa, gonakin cikin birni suka zama unguwanni. An cike kududdufai da yawa da shara an yi gini a kai, an ci ganuwa a wurare da dama, Jakara ta zama magudanar ƙazanta, ungulu ma ta yi wuyar gani. Ruwan sama kuwa bai canja hanyarsa ba. In ya zo bai tarar da ramin da ya saba kwanciya ba sai ya shiga zaure da rumfa, kamar yadda aka gani cikin Agustan 1988, sa'ad da ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Kano, madatsar Bagauda kuma ta ɓalle.

Saboda haka attajirin da aka kawo wa tallan fili a kan cikakken kududdufi, ya kamata ya tambaya ina ruwan wurin zai koma, gidan wa zai shiga. Malamin da aka kawo wa rabon gado ko shari'ar iyaka kuma ya duba ko akwai hurumin rijiya ko hanyar ruwa a ciki, domin wannan haƙƙin jama'a ne, ba ya shiga rabo. Kududdufan da suka rage a birni ana iya yashe su, a hana zuba shara, a dasa itatuwa a bakinsu. Allah ya jiƙan Muhammadu Rumfa, ya jiƙan magabata baki ɗaya, amin.